Wannan Kashi 99 Ɗin Naku, Ina Da Ja a Kansa

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan kwamfuta da injiniya masu firojet ɗin koya wa na'ura gane mota ko Keke Napep a cikin hoto. Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku kafin lokacin difens ya zo.

Na farko, don Allah a daina zama ana tsayar da bidiyo ana ɗaukar sikirinshot ɗaya bayan ɗaya, ko a biya wani ya yi. Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna a jere. Yawancin wayoyinmu hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa ɗaya, wato in ka tsaya kan gadar masu tafiya a ƙasa ta babban titin Kubwa ka ɗauki minti 10, kana da hoto 18,000 a aljihunka. Akwai FFmpeg, kyauta ne, tun shekarar 2000 Fabrice Bellard ya fara shi. Layi ɗaya kacal:

ffmpeg -i hanya.mp4 -vf fps=1 hoto_%04d.jpg

Zai ciro maka hoto ɗaya a kowace daƙiƙa, 600 ke nan, ya jera su da lamba. Mai son Python kuma ga OpenCV nan, VideoCapture ya buɗe bidiyon, imwrite ya ajiye hotunan. Wannan ba abin da za a biya kuɗi a kai ba ne.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Da mutum ya ga abin ya zo da sauƙi, sai ya kwashe duka 18,000 ɗin, ya cakuɗa su, ya ware kashi 80 na koyarwa, 20 na gwaji. Sakamako ya fito kashi 99, ya hau sitatus yana Alhamdulillah. Malam, tsakanin hoto na 500 da na 501 ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Motar nan ce dai, a wuri ɗaya, da haske ɗaya. Ɗaya ya faɗa ɓangaren koyarwa, ɗan uwansa ya faɗa na gwaji. Ashe ka ba na'urar satar amsa ne, ta haddace, ka dawo kana yi mata jarrabawa da takardar da ta riga ta gani. Ranar da malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya miƙo nasa bidiyon ya ce gwada mu gani, a nan ido zai raina fata.

Ni a ganina, da kashi 99 na bogi gara 80 na gaskiya, ko da sufabaiza zai ɗan ɓata rai. A raba tun daga bidiyon, ba daga hotunan ba. Na Litinin da Talata su tafi koyarwa, na Laraba a ɓoye shi sai gwaji. A sauya wuri kuma: cunkoson safe na masu shiga gari aiki daban yake da na Arab Road da yamma, hazon hunturu daban da hasken bayan ruwan sama. Hoto 2,000 mabambanta sun fi 18,000 masu kama da juna amfani, ga shi ba za su cinye maka laftof da wutar da ba ta zama ba.

Af, in abokinka ne zai turo bidiyon ta WhatsApp, ya turo shi a matsayin dokumen, in ba haka ba za a matse shi hotunan su fito dishi-dishi.

Sannan mutanen da ke cikin hotunan nan ba su san kana yi ba. Fuskar matar wani ce, lambar motar wani ce. Tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan mutane, kuma ko ba doka, ba za ka so a ga ƙanwarka a shafi na 47 na kundin wani ba. OpenCV ɗin da ya ciro hoton yana iya dusashe fuska da lamba kafin ka ɗora a GitHub.

Wanda layin can na sama ya ƙi yi masa aiki, ya ajiye saƙon da ya fito masa a ƙasa, ma duba tare in an kawo wuta.