Achebe ba boka ba ne

Jiya a shirinmu wani ya bugo daga Tasawa yana cewa Chinua Achebe duba yake yi. Dalilinsa littafin A Man of the People, wanda mu muka karanta da Faransanci da sunan Le Démagogue. Labarin ya ƙare da sojoji sun ƙwace mulki, kuma ya fito a watan Janairun 1966, watan da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Har sojoji suka zarge shi da cewa ya san da maganar. A gidan rediyo yake aiki lokacin, kamar ni, dole ya bar Legas.

Tun daga nan masu sharhi suka riƙe wannan "hangen nesa" suna ta yabo. Ni kam ina ganin sun bar jaki suna dukan taiki.

Ku dubi Odili, malamin makarantar da ya tashi yaƙar minista Nanga. Kishin ƙasa ne ya tada shi? Ina! Sai da Nanga ya ƙwace masa budurwa a cikin gidansa sannan ya tuna minista ɓarawo ne. Kafin nan yana kwana gidan, yana cin tuwonsa. Abokinsa Max ma ya karɓi kuɗin abokin hamayya.

Wasu sun ce wannan ya rage wa littafin armashi, babu gwarzon da za a tafa wa. To, wallahi ni wurin nan ne ya hana ni barci, don na san Odili da yawa, wasu ma tare muka yi lise.