RA'AYINMU: Jinkiri ba fushin Allah ba ne

Akwai wata tambaya da ke cin zukatan masu bi a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ko da yake ba kasafai ake furta ta a gaban fasto ba. Mutumin da ya sayar da shanun nomansa ya biya kuɗin fansar matarsa yakan zauna a majami'a ya ji wani ya tashi yana ba da shaida cewa Allah ya nuna masa tagomashi, ya yi sabuwar mota. Sai ya sunkuyar da kai ya ce a ransa: to, ni wane laifi na yi wa Allah?

Tambayar ba ta banza ba ce, domin wahalar ta daɗe. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga sun afka wa Kadisau a ƙasar Faskari, suka kashe mutane masu yawa. A daren 11 ga Disamba na wannan shekarar suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai ran 17 ga wata aka sako yara 344. A watan Satumba na 2021 aka toshe layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi, jama'a suka yi wata da watanni ba sa jin muryar 'yan'uwansu. Ran Lahadi 15 ga Janairu, 2023, aka shiga wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara ana cikin sujada, aka raunata faston, aka kora waɗansu masu sujada daji. An yi sulhu a 2019 ya rushe, an sake zama a 2025 a Faskari da wasu wurare. Cikin waɗannan shekaru gonaki da yawa sun koma saura, Musulmi da Kirista kuwa sun sha kuka iri ɗaya.

Abin da ya fi damun mu shi ne wata koyarwa da ta shigo ikilisiya, wadda ke auna tagomashin Allah da mudun arziki. Masu ita suna cewa wanda Allah ke so ba ya rashin lafiya, ba ya talauci, addu'arsa ba ta kwana. Waɗansu har sukan ce a kawo baiko na musamman domin a buɗe ƙofar albarka. A ganinmu wannan koyarwa zalunci ce a kan wanda aka riga aka zalunta. Ɗan bindiga ya ƙwace masa dukiya, mai wa'azi kuma ya ƙwace masa salamar zuciya.

Mu duba Littafi Mai Tsarki. Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da shekara 30 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan na bauta da ɗauri, har da shekara biyu cur da mai shayar da sarki ya manta da shi a kurkuku. Duk wanda ya karanta Farawa sura 39 zai lura cewa inda aka fi nanata kasancewar Ubangiji tare da Yusufu, a gidan bauta ne da gidan kaso, tun bai ji ƙamshin sarauta ba. Ashe tagomashin bai fara ranar da aka sa masa zoben sarki ba. Yana tare da shi tun yana cikin rijiya.

Amma kada mu yi wa kanmu ƙarya, ba kowane labari ne ke ƙarewa a fada ba. A Ayyukan Manzanni sura 12 sarki Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kuma tsare Bitrus, sai mala'ika ya fito da Bitrus cikin dare. Manzanni biyu, Ubangiji ɗaya, ikilisiya ɗaya. Wa zai ce an fi ƙaunar Bitrus? Haka abin yake a ƙasarmu. A watan Mayu na 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, tsohon limamin da aka sace a wannan daren kuwa ya dawo da ransa. Uwar da ɗanta ya dawo ta gode wa Allah, daidai ne. Uwar da nata bai dawo ba, kada kowa ya kuskura ya ce mata bangaskiyarta ce ta gaza. Abokan Ayuba sun yi kyakkyawan aiki a kwana bakwai ɗin da suka zauna da shi shiru. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, sai Allah ya tsawata musu.

Tarihin bishara a ƙasar Hausa ma shaida ne. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar shigowa arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida bayan ya sha fama da zazzaɓi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. A 2023, ana tsakiyar wannan fitina, aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ya zama bishop ɗinsa na farko. Da an auna Gowans da Kent da mudun masu wa'azin arziki, da an ce Allah ya yashe su. Ga shi kuwa muna cin amfanin gonar da suka share, su ba su ga ko tsiro ba.

Sai dai jiran mai bi ba zaman naɗe hannu ba ne. Manominmu ya san binne: tun sama ba ta haɗa hadari ba yakan sa iri a busasshiyar ƙasa, ya rufe, ya dawo gida. Bai san ranar da ruwa zai sauka ba, amma ya yi nasa. Irin wannan jira muke roƙon ikilisiya ta yi.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawa su gyara yadda ake ba da shaida. A ba wanda ya jimre dama ya yi magana, kamar yadda ake ba wanda ya samu. Gwauruwar da ta riƙe 'ya'yanta biyar a ɗakin aro a Funtuwa ba ta bar sujada ba, shaidarta ta fi ta mai sabuwar mota nauyi.

Muna kira ga ikilisiyoyin birni, na Katsina da Kano da Zariya da Kaduna, su tuna da ƙananan majami'un ƙauye waɗanda suka watse. Kowace babbar ikilisiya za ta iya ɗaukar ɗaya: kuɗin makarantar marayu, iri da taki ga mai komawa gona, taimako ga iyalin da bashin fansa ya danne. Zumuntar Mata su rungumi matan da suka dawo daga daji, a daina nuna su da baki, a daina tambayarsu abin da ba su so su faɗa. Idan kuma an zo rabon hatsi, kada a tsallake ƙofar maƙwabci don shi Musulmi ne. Harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a ƙasar Malumfashi a watan Agusta na 2025 ya isa ya nuna mana cewa harsashi ba ya tambayar addini.

Ga hukuma kuma muna cewa, haƙurin talaka ba izini ba ne na yin sakaci. Mai bi yana jiran Allah, amma yana da hakkin ya tambayi gwamnati tsaro da adalci, da ladabi, ba tare da gajiya ba.

Kai kuma ɗan'uwa da ke kwana da takalmi a ƙafa, ke 'yar'uwa da har yanzu kike duban hanya, ba mu da ikon faɗa muku ranar da wannan zai wuce. Abin da muka tabbata shi ne, Ubangiji Yesu da kansa ya kwana a kabari kafin safiyar tashi, ba a kuwa taɓa samun wanda Uba ya ƙaunata kamarsa ba. Wahalarku ba alamar fushi ba ce. Allah ya ba mu jimiri, ya kawo wa ƙasarmu salama. Amin.