Kada A Naɗe Tabarmar Karatu

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan wani abu da na tarar a gidanmu a hutun da ya wuce, wanda har yanzu bai bar damuna ba.

Mu Kirista ne, ƙauyenmu kuwa yana cikin ƙasar Bici. Kakana Bamaguje ne, sai da ya yi furfura ya karɓi bangaskiya. Bai san ko harafi ɗaya ba, amma shi ya kafa mana doka a gida. Kullum bayan tuwon dare sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kunna fitila, wanda ya iya karatu ya karanta sura ɗaya daga Littafi Mai Tsarki, a tambayi yara abin da suka ji, sa'an nan a yi addu'a a kwanta. Da na kai aji huɗu na firamare, karatun ya dawo hannuna. A kan tabarman nan na san labarin Yusufu da 'yan'uwansa, a nan kuma bakina ya faɗa da karatun Hausa.

Kakana ya rasu, ni kuma na taho makarantar kwana, sai aka naɗe tabarma. Da na koma hutu na miƙa wa ƙanwata Littafin, na ce ta buɗe mini Zabura. Yarinya 'yar shekara goma ta yi ta juya shafi har ta fashe da kuka. Lalle laifin ba nata ba ne, namu ne mu manyanta.

Na san wasu iyaye za su ce wannan ai aikin fasto ne da malaman makarantar Lahadi. To, mako sa'a 168 ne. Yaya sa'a ɗaya ta ranar Lahadi za ta riƙe yaro sauran kwana shida? Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi mana. Safe da yamma 'ya'yansu suna makarantar allo, da asuba kuma uba ne ke tashinsu salla, ba ya jiran liman ya shigo gidansa. Mu da muke 'yan kaɗan a tsakaninsu, in abokin ɗanka ya tambaye shi abin da ya gaskata ya yi shiru, wa ya ji kunya?

Wasu kuma za su ce babu lokaci, musamman da damina, sa'ad da mutum ya wuni yana noman gero da gyaɗa ya komo a gajiye. Gaskiya ne akwai gajiya. Amma sura ɗaya ba ta wuce minti goma, ba ta kai hirar da muke yi a kan waya ba. Bisharar Markus sura 16 ce kawai, watau ba ta cin mako uku. Karin Magana kuwa sura 31 ce, kowace ranar wata da tata.

Masu cewa ba su yi boko ba, su tuna da kakana. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan wahalar da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Da harshenmu yake. Uba ya zauna, ɗa ya karanta, uwa ta bayyana ma'ana, kowa ya ƙaru.

Sai dai ina roƙon iyaye kada a mai da karatun nan horo. Yaron da aka zaunar da bulala, jikinsa ne a tabarma, hankalinsa yana dandali. A bar shi ya yi tambaya, in ba a san amsa ba a kai wa fasto ran Lahadi.

Kafin in dawo makaranta, na koya wa ƙanwata jerin littattafan, babanmu kuma ya sa aka sake shimfiɗa tabarma. Yanzu ita ke karatun, tana yi tana tuntuɓe, amma tana yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku 'yan'uwana, kafin ku baro gida, ku bar magaji a kan tabarma. Allah ya taimake mu, amin.