Kwancen ƙofa abin kunya ne, amma gwanjon riga ba kunya ba?

1/ Jama'a zare ne, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo. Jiya na sa hoton BQ ɗin kawuna da na gyara a Nassarawa GRA, na ce da kayan kwance na yi. Wani ya rubuto min wai "a GRA kake amma kana tsince-tsince kamar ɗan jari bola." To Malam, zauna mu yi magana.

2/ Wayar da ka yi min wannan rubutun da ita ta hannu ce daga Farm Centre. Motar gidanku Beljiyam ce. Rigar sanyin da ka sa da hunturu daga dilar Kofar Wambai ta fito. Duk ba ka ji kunya ba, sai a kan ƙofar ɗaki ne girman kai zai motsa?

3/ Ga yadda aka yi. Kawu ya ce in zan iya gyara ɗakin in zauna har in gama BUK, ya ba ni. Ɗaki da falo da banɗaki, shekaru ba kowa sai ɓeraye. Kuɗin hannuna kuwa ɗan abin da na tara ne daga koyar da yara lesin.

4/ Kun san abin da ya faru da kaya tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. A farkon 2024 buhun siminti sai da ya haura dubu 10, alhali ba da daɗewa ba wajen dubu 5 yake. Fenti, tayil, katako, kowa ya bi sahu. Ɗalibi zai ce sai sabo dal? Da me?

5/ Sai na bi 'yan gwangwan da masu kwance a Kofar Ruwa. Na samu ƙofa ta maɗaci da aka ciro daga wani tsohon gida, mu biyu da ƙyar muka ɗora ta a adaidaita. Kafinta ya goge ta da samfefa, ya canza makulli. Ko gara ba ta taɓa ta ba. Kuɗinta bai kai na ƙofar nan ta kanti mai ƙyalli ba, wadda in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar gwangwanin madara.

6/ Ƙarfen taga ma kwance ne, mai walda ya rage tsayinsa kawai. Ƙasan ɗakin kuwa da na kankare datti sai ga tarazo lafiyayye. Wani abokina har da cewa in fasa in sa tayil "don ya yi zamani". In fasa abin da ya girme ni bai tsage ba? Omo da buroshi kawai ya ci.

7/ Abin da ke ƙona min rai shi ne a unguwar nan ake wannan ɓarnar. Ku zaga GRA ku gani: a sayi tsohon gida mai bishiyoyi, a turo katafila, cikin kwana biyu ya zama fili, a dasa plaza ko gidajen haya takwas a matse. Katakon da yau ko da kuɗinka da wuya ka samu irinsa a 'Yan Katako, wani lokacin masu shayi ne ke hura wuta da shi.

8/ Kuma a nan Nassarawa Gidan Dan Hausa yake, inda Hanns Vischer ya zauna. Ginin ƙasa, ya haura shekara 100, yana tsaye. Mu kuma sabon gini damina uku silin ya fara zubowa.

9/ Amma kar wani ya ce na ce komai a saya. Wayar wuta tsohuwa, a'a, nan sabuwa na saya duk da ta cinye kusan rabin kuɗina, don gobara ba ta san ka yi tattali ba. Rodin da aka ciro daga kankare aka miƙe da guduma, kar ka zuba dakin da shi. Kun tuna rusau na Yunin 2023 a Filin Sukuwa da Daula, yadda aka yi ta wawar rodi? Ba siyasa nake ba, tambaya ce: a ginin wa rodin nan yake yanzu?

10/ Sai tsohon silin da rufin asbestos da ke cikin gidajen da. In ya fashe, ƙurarsa tana jawo kansar huhu, Ingila ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999. Ko kyauta aka ba ka, ka ce na gode.

11/ Kuma ka tambayi daga ina kaya suka fito. In yaro ya kawo maka famfo ko mita da dare a rabin kuɗi, ka san na wani ne aka kwance.

12/ Wanda ya kira ni ɗan jari bola, ƙofar tana nan, ka zo bayan la'asar ka gwada ɗaga ta kai kaɗai. Masu tambayar hoton kafin da bayan gyara, ga su a ƙasa 👇