GUDUN DARE DON TAIMAKON MARASA ƘARFI

Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Agusta, lokacin da zafi ya ke tsananta a ƙasar Japan, gidan talabijin na Nippon TV ya kan yi wani shiri wanda ba a yanke shi sai ya ci dare da yini guda. An fara shi a 1978, kuma abin nufi shi ne a tara kuɗi don tsofaffi da naƙasassu da waɗanda wani bala'i ya auka wa. A 1992 aka ƙara masa wani abu wanda ya zama shi ne mutane suka fi zuba wa ido, watau dogon gudu. A kan zaɓi wani sananne cikin masu wasan kwaikwayo ko mawaƙa, ya tashi ran Asabar da almuru, ya kwana yana gudu, ya yini, ya isa babban zauren da a ke shirin a Tokiyo ran Lahadi da dare. Yawancin shekaru nisan ya kan kai wajen kilomita 100, watau mil 62, ya fi tafiyar Kaduna zuwa Zariya ke nan. Gudun fanfalaki da aka sani kuwa kilomita 42 ne da 'yan kai.

Wanda ya buɗe wannan fage wani mai wasan ban dariya ne, Hazama Kanpei. A 1992 ya ɗauki niyyar kilomita 200, amma ya tsaya a 153. Da shekara ta kewayo ya sake ɗaura ɗamara, ya cika 200 ɗin. A 1995, bayan girgizar ƙasar da ta rushe birnin Kobe, ya taso daga can har Tokiyo, kilomita 600 cikin mako guda. Lalle wanda ya yi wannan ba a ce masa rago.

Mu a ganinmu wannan al'ada tana da amfani. Mutum ya kan ji labarin wahalar wani a nesa, ya ce Allah sarki, ya juya ga harkarsa. Amma in ya ga ɗan'uwansa yana jan ƙafa da tsakad dare, gwiwa ta kumbura, saboda wani wanda bai ma sani ba, sai hannunsa ya tafi aljihu. Yara kan tara 'yan canjinsu cikin gwangwani su kawo. Da irin kuɗin nan aka sayi dubban motoci masu ɗaukar keken guragu da masu kai wa tsofaffi wurin wanka har gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, amma yabon abu ba ya hana a duba inda ya ke yoyo, kuma mutanen Japan da kansu suna ta muhawara a kai.

Abu na farko shi ne ran mai gudun. Dalilin tashi da dare a fili ya ke, a guje wa rana. Sai dai dare ba kullum ya ke magani ba. Jikin ɗan Adam da gumi ya ke sanyaya kansa, gumin kuwa ba ya sanyaya sai ya bushe a kan fata. In iska ta cika da laima, kamar yadda ta ke a Tokiyo cikin Agusta, gumi ya yi ta zuba a banza, zafin jiki ya yi ta hawa, in ya wuce digiri 40 sai hankali ya gushe, wani lokaci har rai ya salwanta. Wanda kuma ya yi ta ɗirkar ruwa zalla ba gishiri, shi ma yana iya faɗuwa, don jininsa ya tsinke. An ga zahirin wannan a Doha, ta ƙasar Katar, a 2019. An sa gudun fanfalaki na mata da tsakad dare saboda zafi, mata 68 suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba, alhali dukkansu gwanaye ne. Saboda irin wannan tsoro ne ma aka ɗauke gudun fanfalaki na wasannin Olimfik na Tokiyo aka kai shi Sapporo, can arewa, a 2021. Balle mai gudun talabijin wanda ba sana'arsa ba ce, kuma in gari ya waye rana na jiransa. Taimakon da za a biya shi da ran mutum ya yi tsada ainun.

Abu na biyu, wanda ya fi shafar masu riƙe da alƙalami, shi ne amana. A watan Nuwamba 2023 aka bayyana cewa wani babban ma'aikaci a ɗaya daga ƙananan gidajen talabijin da ke karɓar gudummawar, a lardin Tottori, ya yi kusan shekara goma yana ɗiba, har abin da ya ci daga kuɗin taimakon ya haura yen miliyan 2 da rabi. In aka auna da jimlar da a ke tarawa, kuɗin kaɗan ne. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Nan da nan mutane suka fara tambaya ko shirin ma ya cancanci a ci gaba da shi. Mai gudu ya kwana yana zub da gumi, yaro ya fasa asusunsa, sa'an nan mutum ɗaya a zaune cikin ofis ya zub da mutuncin duka. Shekara goma ba a gane ba, ma'anarsa ba wanda ke bin sawun littafin.

Abu na uku shi ne mutuncin waɗanda a ke taimako. A 2016 waɗansu naƙasassu suka fito a wani shiri na gidan NHK, daidai lokacin da a ke wancan shirin, suka nuna ba su son a riƙa nuna su don kawai a sa masu kallo hawaye. Maganarsu tana kan hanya. Mabukaci ba kayan kallo ba ne.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne sukan ya yi aiki. Da ma an daɗe ana cewa gudun ba shi da wata alaƙa ta kai tsaye da kuɗin. A 2020, lokacin annobar korona, aka yi shi cikin killataccen fili, aka ɗaura kuɗi a kan kowane zagaye, Takahashi Naoko, wadda ta ci zinariya a Olimfik na Sidni a 2000, ta yi kilomita 116. A 2024 kuwa mai gudun, Yasuko, ta taɓa zama a gidan renon yaran da ba su da mai riƙo, aka kuma faɗa tun da wuri cewa kuɗin gudunta ga irin waɗannan gidaje za shi. Ta yi kilomita 81, an tara fiye da yen miliyan 400. Mutane ba su ƙi bayarwa ba, so su ke su san inda abin za shi.

Malaman makaranta da akawuna, ku ne a kan damƙa wa irin wannan aiki, ko ranar wasanni ce, ko gudummawar ginin aji, ko ta asibiti. In za a sa yara gudu, a zaɓi lokacin sanyi, a tanadi ruwa da ma'aikacin lafiya, kada kuma a kunyata wanda ya gaji ya tsaya. In za a karɓi kuɗi, a faɗi abin da za a yi da shi kafin a miƙa faranti, mutum biyu su ƙirga, a ba da rasit, wanda ya riƙe akwati kada ya zama shi ke riƙe da littafi, sa'an nan a manna lissafin a ƙofa inda kowa zai karanta. Wanda ya ba da sisi yana da hakkin ya ji labarin sisinsa, kuma in ya ji, baɗi zai ba da sule.