Kafin mu zagi kafinta, mu dubi gaggawarmu

Jama'a, ni ba kafinta ba ne. Ranar Lahadi kawai nake ɗaukar zarto da guduma don sha'awa. Bara da damina na sayi katako na haɗa teburin cin abinci, tsayinsa santimita 75, na goge da samfefa har yana sheƙi. Maƙwabta suka yi ta yabo.

Hunturu na shigowa, sai ga tsaga a tsakiyarsa, har cokali yana shigewa.

Laifin nawa ne. Ɗanyen katako yana ɗauke da ruwa, in iskar hunturu ta busar da shi sai ya tsuke a faɗinsa. Ni kuma na danne saman da ƙusoshi ta ko'ina, ban bar mishi wurin motsi ba. Dole ya fashe.

Tun ranar na daina saurin cewa kafintocinmu ba su iya aiki ba. Mu ne ke zuwa ana saura sati guda biki, mu ce a haɗa mana kayan ɗaki, kuma a rage kuɗi. To yaushe katakon zai bushe?

In za ka ba da aiki, tambayi maigidan yaushe ya sayo katakon. In ya ce ka jira ya sha iska a inuwa, don Allah ka jira.