Hular Kwano: Tsakanin Filin Ƙanƙara da Titin Tafa

A garin Albabil na ƙasar Faransa, cikin shekarar 1992, aka fara ba da lambobin yabo na Olamfik a gasar tseren zamiya kan ƙanƙara ta gajeren fili. Wasa ne da babu irinsa a ƙasar Hausa. 'Yan tsere kan ɗaura takalma masu dogon ƙarfe mai kaifi kamar wuƙa a ƙasansu, su riƙa zagaya da'ira mai tsawon mita 111 da 'yan kai, kafaɗa da kafaɗa, cikin gudun da kan kai kilomita 50 a sa'a guda. Wannan kuwa shi ne kusan gudun da ɗan acaɓa ke yi da fasinja tsakanin Sabon Wuse da Suleja. Bambancin dai shi ne, ɗan tseren ba ya shiga fili sai da hular da aka ƙera domin haɗarin da ke gabansa, alhali ɗan acaɓan, wanda ke goga kafaɗa da tireloli a kan titin Abuja zuwa Kaduna, galibi hular zanna ce ko ta sanyi a kansa.

Abin lura a dokokin Ƙungiyar ISU, wadda ke kula da wannan wasa a duniya, shi ne ba su tsaya ga cewa a sa hula ba. Sun fayyace wace iri. Wajibi ne ta cika ƙa'idar gwaji ta musamman, ta zama mai sumul ba tare da wani tsini ko tozo ba, domin kada ta sarƙe a faɗuwa. Ana barin ƙofofin shan iska, tun da ɗan tsere na zufa, to amma masu shirya gasa a wasu ƙasashe sun shar'anta cewa kada ƙofar ta yi faɗin da kaifin takalmin abokin tsere zai iya ratsawa. Ma'ana, sai da aka zauna aka tantance haɗarin, aka dubi jikin mai sawa da wahalarsa, aka tanadi hanyar gwaji, sannan aka kafa doka.

A Nijeriya kuwa, da doka aka fara. Idan ba a manta ba, ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma tilasta wa masu babura da fasinjojinsu sa hular kwano. Nan take farashinta ya tashi a kasuwanni, aka kuma riƙa ganin 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya ko robar fenti a ka, labarin da ya zagaya duniya ana dariya. Fasinjoji da dama suka ƙi hular haya, wasu don gudun cutar fata, wasu don tsoron asiri. Bayan 'yan watanni ƙura ta lafa, kowa ya koma gidan jiya.

An saba ɗora laifin a kan taurin kan 'yan acaɓa. Wannan hukunci bai cika adalci ba, kuma bai bayyana komai ba ta fuskar tattalin arziki. Mutumin da ya karɓi babur bisa sharaɗin kawo balas kullum yamma, wanda ke wuni a rana cikin watan Maris lokacin da zafi kan haura awo 35 a yankin Suleja, ya yi lissafinsa ne kamar kowane ɗan kasuwa. Hular da ke rufe fuska baki ɗaya an tsara ta ne domin ƙasashe masu sanyi da masu gudu mai tsanani. Tana da nauyi, tana dafa kai, tana rage jin kiran fasinja, wanda shi ne jarinsa. Ga tsada. Sai ya nemi mafi arha wadda za ta raba shi da jami'i a bakin hanya, ba wadda za ta raba shi da kwalta ba.

Daga nan ne babbar matsalar ta taso. Ingancin hular kwano ba ya ganuwa da ido. Aikin ba na ƙoƙon waje ba ne kaɗai. Asalin mai ceton rai shi ne farin soso mai tauri da ke ciki, ɗan'uwan wanda ake kare talabijin da shi a kwali, wanda ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugu kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Sai kuma maɗaurin haɓa, wanda idan ya tsinke hular ta riga mai ita isa ƙasa. Hular leburorin gini da wasu ke sawa ba ta da wannan soso, domin an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. A rumfar mai kayan babur kuwa, ta gaske da ta jabu duk sheƙi ɗaya suke yi. Tun a 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna cewa duk kasuwar da mai saye ba zai iya bambance mai kyau da maras kyau ba, maras kyau ne ke korar mai kyau, saboda babu mai biyan ƙarin kuɗi kan abin da ba zai iya tabbatarwa ba. Tilasta doka a irin wannan kasuwa riba ce kawai ga masu shigo da jabu.

Yankin Tafa na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja cikin Oktoban 2006, zamanin ministancin Malam Nasiru el-Rufa'i, sana'ar ta ƙara tattaruwa a garuruwan kewaye, inda ma'aikatan da hayar birni ta fi ƙarfinsu ke kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sa hula mai inganci yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Raunin kai guda ɗaya kan cinye babur, ya cinye gona, ya bar iyali da jinyar shekaru. Asarar ba ta shiga kundin kowace ma'aikata, shi ya sa ba a jin ta.

Akwai ƙasashen da suka bi ta wata hanya. A Biyetnam, inda jama'a ke yi wa hular kwano laƙabi da tukunyar dafa shinkafa saboda zafinta, gidauniyar AIP ta buɗe masana'antar Protec a Hanoi cikin 2002, tana ƙera hula mara nauyi mai ƙofofin iska domin ƙasashe masu zafi. Sai a Disamban 2007 dokar tilastawa ta fara aiki, masu sawa kuma suka haura kashi 90 cikin 100. Ko a can jabu bai ƙare ba, amma an sami abin da za a kwatanta shi da shi. A Indiya, inda babura samfurin Bajaj da suka cika titunan Jihar Neja ke fitowa, doka ta wajabta a haɗa wa mai sayen sabon babur da hula. Ruwanda kuma ta buɗe ɗakin gwajin hular kwano a Kigali a ƙarshen 2024.

Ba ana cewa a ɗauko hular 'yan ƙanƙara a ba ɗan acaɓa ba ne. Ba za ta jure karo da mota ba. Tsarin aikin ne abin aro. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ce ya kamata ta ja gaba da ƙa'idar da ta dace da zafin ƙasar nan, da ɗakin gwaji, da tambarin da mai saye zai iya ganewa. Masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai a Kano, masu fitar da bokiti da buta, sun san aikin zubin roba. Babu dai wanda zai zuba jari a hula matuƙar jabu na sayuwa rabin kuɗi ba tare da tsangwama ba. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa na Tafa da Suleja, waɗanda ke karɓar kuɗin tikiti kullum safiya, suna da hanyar sayen hula a dunƙule su raba wa 'ya'yansu a biya kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake biyan babur ɗin kansa. Su ne kuma ya dace a ba samfurin farko su gwada, a tashar Sabon Wuse, da tsakar ranar bazara.